Shafin Lafiya: Ƙwayar Fitsari da Kumburin Jiki

Yawancin saƙonnin da suka shigo mana a 'yan makonnin nan a kan ƙwaya ɗaya suke, 'yar ƙaramar farar nan da ake kira Lasix ko ƙwayar fitsari. Sunanta na magani furosemide, a wasu kwalaye kuma za a ga an rubuta frusemide, duk abu ɗaya ne. Tana da 'yan'uwa, bumetanide da torsemide da ethacrynic acid, amma ita ce ta cika asibitoci da kemis-kemis ɗinmu, don haka a kanta amsoshin suka fi karkata. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da shekara 68, an ce zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafunsa sun kumbura har gwiwa. An rubuta masa Lasix mai lamba 40, guda ɗaya kullum da safe. Ba ya awa ɗaya da sha sai ya fara zirga-zirgar banɗaki, cikin kwana biyar kumburin ya sauka. Abin da ya ɗaure mini kai, yaya ƙwayar da aka haɗiya ta san hanyar ƙafa har ta janyo ruwan da ke can? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Malam, ba a ƙafa ƙwayar ke aiki ba. Babban aikinta a cikin ƙoda yake, kuma ba ruwa take kora kai tsaye ba. Gishiri take kora, ruwa ya bi bayansa.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, ana kiran kowace nefuron: matata a sama, siririn bututu a ƙasanta, ido ba ya ganinsu. A kwana ɗaya matatan nan suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini, wato jarka bakwai masu cin lita 25 har da ɗoriya, kuma gishirin da ke cikin ruwan ya kai kilo ɗaya da rabi. Amma fitsarin lafiyayyen mutum bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ina sauran? Ƙoda tana aiki ne irin na mace mai neman abu a jaka: ta zazzage komai a kan tabarma, sannan ta bi tana tsince na amfani tana mayarwa. Fiye da kashi 99 cikin 100 na ruwan da gishirin bututun ne ke mayar da su cikin jini, kowane sashe da nasa rabon.

Sashen farko shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kusan kashi 65 na gishirin. Daga nan bututun ya nutsa zuwa tsakiyar ƙoda, ya yi kwana, ya dawo sama, kamar an lanƙwasa waya gida biyu. Wannan ita ce lanƙwasar Henle, an sa mata sunan Jakob Henle, Bajamushen masanin sassan jiki da ya bayyana ta a 1862. A ɓangaren da ke hawa, inda bangon bututun ya yi kauri, ana mayar da kusan kashi 25. Ɗan abin da ya rage sassan ƙarshe ne ke ƙarasa shi.

A jikin bangon nan mai kauri akwai wani ɗan dako, furotin ne da masana suka laƙaba wa NKCC2. Halinsa irin na motar tasha ne, ba ya tashi sai ya cika. Kujerunsa huɗu: ɗaya ta sodiyam, ɗaya ta fotasiyam, biyu na kulorayid. Sodiyam da kulorayid kuwa su ne gishirin da muke ci. Furosemide sai ta zo ta zauna a mazaunin kulorayid ta ƙi tashi. Mota ba ta cika ba, ba ta tafi ba, gishirin da ya kamata a kwashe sai ya zarce gaba. Sassan ƙarshe ba su saba da irin wannan lodi ba, su kama abin da za su iya, sauran ya fita a fitsari da ruwansa.

Akwai ɓarna ta biyu da ƙwayar ke yi wa tsarin, ita ma tana cikin abin da ya sa ta fi sauran magungunan fitsari ƙarfi. Gishirin da ɗan dakon ke kwashewa yana taruwa a tsakiyar ƙoda har wurin ya ninka jini kusan sau huɗu wajen kauri. Wannan kaurin ne ke zuƙo ruwa daga bututun ƙarshe duk sa'ad da jiki ke son tanadi, shi ya sa fitsarin mai azumi ke yin kaɗan ya yi duhu. Idan ɗan dako ya tsaya, kaurin ya tsinke, ƙoda ta kasa riƙe ruwa. Ka duba fitsarin Baba awa biyu bayan shan ƙwayar, za ka ga fari ne tas kamar ruwan famfo.

To, sai maganar ƙafa. Da ruwan da ke cikin jijiyoyin jini ya ragu, matsin da ke tura shi waje ya yi sauƙi, sai wanda ya kwanta a cikin nama ya riƙa tsiyaya yana komawa jijiya, ya isa ƙoda, shi ma a fitar. Komawar a hankali take. Idan aka matsa wa ƙoda ta zubar da sauri fiye da yadda ruwan ƙafa ke dawowa, jijiya ta bushe alhali ƙafa tana nan a kumbure, mutum ya fara jiri, ƙodar kanta ta jigata. Dalilin da ya sa a gida ba a son nauyi ya riƙa sauka fiye da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a rana ke nan.

Ƙwayar da aka haɗiya takan fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ta kai ƙarshen ƙarfinta a awa ɗaya zuwa biyu, ta gama cikin kimanin awa shida. Allurar jijiya kuwa minti biyar ta ishe ta, ta ƙare cikin kamar awa biyu. Kamfanin Hoechst na Jamus ne ya fito da ita a farkon shekarun 1960, har yau kuma ba a samu wadda ta ture ta ba. Sai dai ka sani, tana sauke ruwa ne kawai, raunin zuciyar yana nan. Sauran ƙwayoyin da aka haɗa wa Baba, waɗanda ba ya ganin aikinsu da ido, su ne masu tallafar zuciyar. Kada ganin ƙafa ta sace ya sa a ajiye su.

Tambaya: Likita, wata takwas ina shan ƙwayar nan. Da farko tana yi mini aiki sosai, yanzu kuwa ko na sha fitsarin bai taka kara ya karya ba, kumburi ya dawo har cinya. Jabu nake saye ne, ko jikina ne ya saba da ita? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Hajiya, jabun magani akwai shi, kuma saye a wurin da aka amince da shi wajibi ne. Amma kafin a zargi ƙwayar, a leƙa tukunya.

Aikin ƙwayar awa shida ne, kwana kuwa awa 24. Da ta ƙare, ƙoda ta lura an yi mata asarar gishiri, sai ta shiga ramuwa, ta riƙe duk wanda ya zo hannunta a sauran awa 18 ɗin. Wanda ke cin gishiri kaɗan, ƙodarsa ba ta samun abin ramawa, sai a ci riba. Wanda ke ci da yawa kuwa, abin da ya fita da safe ya dawo kafin gari ya waye, a tashi babu ci babu asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da wanda ya ɓuya a cikin abinci. Dunƙulen miya kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Ki ƙirga nawa ake jefawa a tukunya, ki ƙara da yaji, da kilishi, da garin da ke cikin ledar taliyar yara, da burodi, da kanwar da ake sa wa wake ko miyar kuka. Masu cewa "ni ai na daina cin gishiri" galibi farin suka daina.

Abu na biyu, magungunan ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, da haɗin gajiya da ake ƙulla wa mutane a leda, wanda da wuya a rasa ɗayansu a ciki. Suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna sa ta riƙe gishiri, suna kuma dakushe ƙarfin furosemide. Ga mai ciwon zuciya ko ƙoda, su kaɗai sun isa su kwantar da shi a asibiti. Idan ciwon jiki ya dame ki, paracetamol ya fi aminci.

Na uku, hanji. Ko a lafiyayyen mutum kusan rabin ƙwayar ne ke shiga jini, kuma abin yana bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Idan kumburi ya kai cinya, to bangon hanji ma ya kumbura, ƙwayar sai ta riƙa shiga a hankali. Wannan matsala ce babba, domin maganin yana da ƙa'ida: sai adadinsa a cikin bututun ƙoda ya kai wani mizani kafin ya yi komai. Ƙasa da mizanin, babu aiki sam. Saboda haka raba ƙwayar da ba ta isa ba gida biyu, rabi da safe rabi da yamma, ƙara lalata lamarin yake yi. Abin da likita kan yi shi ne ya ninka adadin sha ɗaya har a ga fitsari ya amsa, daga nan in da buƙata a maimaita wannan adadin sau biyu a rana. In hanjin ya ƙi, a koma allura na 'yan kwanaki, inda miligiram 20 ta jijiya ke daidai da 40 na baki. Ko kuma a canza zuwa torsemide ko bumetanide, waɗanda kashi 80 ko fiye nasu ke shiga jini. A lissafi, furosemide 40 daidai take da torsemide 20, daidai da bumetanide 1. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar a 2023, bai sami bambanci a yawan mace-mace tsakanin masu shan torsemide da masu shan furosemide ba, don haka ba a canzawa sai da dalili.

Sabo ma gaskiya ne, amma ba irin wanda ake zato ba. Bayan watanni ana turo wa sassan ƙarshe na bututun lodin gishiri, sai su yi girma su ƙara ƙarfi, su riƙa kwashe abin da ya kuɓuce daga lanƙwasar Henle. Maganinsa a toshe su su ma da ƙwaya ta biyu, irin su hydrochlorothiazide ko metolazone. Haɗin yana da ƙarfi ainun, yana iya zubar da fotasiyam da sodiyam cikin kwana biyu ko uku, ba a yinsa sai da gwajin jini a kusa-kusa.

Sannan mai yiwuwa ciwon ne ya ci gaba. Furosemide tana tafiya a jini manne da furotin ɗin albumin, fiye da kashi 95 nata, don haka ba ta bi ta matata. Sashen farko na bututun ne ke ɗauko ta ya jefa ta ciki, ta gangara ta sami ɗan dakon ta cikin bututu. Ƙodar da ta raunana ba ta jefa isasshe, shi ya sa za ki ga mai ciwon ƙoda yana shan 120 ko 160 a inda 40 ta ishi wani. Ki koma asibiti a wannan makon, ki tafi da duk magungunan da kike sha a leda ɗaya, har da na gargajiya.

Tambaya: Matata ta haihu kwana 35 da suka wuce. Ƙafarta da fuskarta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Asibiti sun ce zuciya ce, sun yi mata allurar Lasix, sun kuma hana ta kunun kanwa. Iyaye mata sun ce ba a taɓa jego babu kunun kanwa ba. Mene ne gaskiya? Daga wani magidanci a Funtuwa.

Amsa: Gaskiyar asibiti ce, Malam, kuma maganar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yadda gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a yankin, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Yau an san ciwon yana da wasu dalilan, yana kama har matan da ba su taɓa yin waɗannan al'adu ba. Amma a kan kanwa babu jayayya. Duk da ana kiranta fotash a Turance, abin da ya fi yawa a cikinta sodiyam ne, shi ne kuwa abin da allurar ke wahalar fitarwa. Ba wa mai wannan ciwo kunun kanwa daidai yake da ɗiban ruwa daga kwalekwale da ƙwarya alhali wani na zubawa da bokiti.

Hakin da take yi da rashin iya kwanciya alamar ruwa ya taru a huhu ne. A nan allurar jijiya tana ceton rai, har takan sassauta numfashi tun kafin fitsari ya fara, domin tana buɗe jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, lodi ya ragu. A yi mata kunu babu kanwa, a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda ba ya sa ta haki. Shayarwa ba ta hana shan furosemide, sai dai adadi mai yawa yana iya rage nono, a sanar da likita idan an ga haka. Mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa cikin watanni idan an bi magani. Kada ta sake ɗaukar ciki sai an yi hoton zuciya an ga inda aka kwana. Ka kai ɗaya daga cikin iyayen wurin likitan ta ji da kunnenta, ya fi ka tsaya kana musu da surukai.

Tambaya: Ina da ciki wata bakwai, ƙafata tana kumbura da yamma. Mai kemis ya ba ni ƙwayar fitsari. In sha? Daga wata mai karatu a Azare.

Amsa: Kada ki sha. Kumburin ƙafa da yamma a ƙarshen ciki yawanci nauyin mahaifa ne ke danne jijiyoyi, ɗaga ƙafa da kwanciya ta gefen hagu sun wadatar. Wanda ake tsoro shi ne mai zuwa da hawan jini, 140 bisa 90 ko sama, da furotin a fitsari, da kumburin fuska da hannu, da ciwon kai ko ganin dishi-dishi. Wannan shi ne mafarin jijjiga. Mai shi ruwan cikin jijiyarta ya riga ya yi ƙaranci duk da kumburin, ƙwayar fitsari sai ta ƙara rage jinin da ke zuwa mabiyiya, ta kuma ɓoye alamar da za ta kai ki asibiti. Ki je awo gobe a duba jini da fitsari.

Tunda an zo nan, akwai wasu kumburin da ƙwayar ba ta da hurumi a ciki. Yaro mai tamowa da ya kumbura, ba a ba shi, tana iya kashe shi, abinci na musamman ne maganinsa. Tundurmi ba ya jin ta. Kumburin idon sawu da ƙwayar hawan jini amlodipine ke jawowa, rage ta ko canza ta ake yi. Ƙafa ɗaya tak da ta kumbura tana ciwo, a yi zargin gudan jini ya toshe jijiya, a tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Tun da na fara shan ta nake fama da ɗaurewar tsoka da dare, ga kasala, wani lokaci zuciyata ta riƙa bugawa ba daidai ba. An ce in riƙa cin ayaba. Ta isa? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, ba za a san ko ta isa ba sai an auna. Ka je a yi maka gwajin jini na sinadarai irin su fotasiyam da na aikin ƙoda, wanda ake rubutawa E/U/Cr a takarda, kuma tunda bugun zuciya ya shigo ciki, kada ya wuce yau ko gobe.

Abin da ake zargi a nan raguwar fotasiyam ce a jini, shi ne kuma ake nema a ayaba. Yana zuba ne ta haka: gishirin da ya kuɓuce daga lanƙwasar Henle yana isa bututun ƙarshe, inda ake musaya, a karɓi sodiyam a saki fotasiyam. Yawan sodiyam ɗin da ya iso, yawan fotasiyam ɗin da za a rasa. Jiki kuma da ya ji ruwa ya ragu sai ya ƙara fitar da sinadarin aldosteron, shi kuwa ƙara zafafa musayar yake yi. Maganisiyam da kalsiyam ma suna bin fitsari, domin ɗan dakon nan ne ke samar da 'yar wutar lantarkin da ke tura su komawa jini. Idan maganisiyam ya yi ƙasa, ko an ba da fotasiyam ba ya zama, sai an gyara shi tukuna.

Fotasiyam na jini daidai yake tsakanin 3.5 da 5.0. Ƙasa da haka tsoka ta yi rauni, bugun zuciya ya rikice. Haɗarin ya ninka ga mai shan maganin zuciya digoxin, domin ƙarancin fotasiyam yana mai da adadin da aka saba sha ya zama guba: tashin zuciya, amai, ganin abubuwa rawaya-rawaya. Ayaba da dabino da lemu da tumatir da wake da dankali da alayyafo duk suna da fotasiyam, suna taimakawa idan ragin kaɗan ne. Idan ya yi nisa sai ƙwayar fotasiyam ko a haɗa da spironolactone, wata ƙwayar fitsari mai riƙe fotasiyam.

Amma fa shawarar ayaba ba ta kowa ba ce. Mai raunin ƙoda, ko mai shan spironolactone, ko magungunan hawan jini da zuciya irin su lisinopril ko losartan, fotasiyam ɗinsa hawa yake yi, kuma yawansa yana tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba. Ƙa'ida ita ce a yi gwaji mako ɗaya zuwa biyu bayan fara ƙwayar ko canza adadinta, daga nan lokaci-lokaci. Ka kuma lura da ciwon babban ɗan yatsan ƙafa mai zuwa farat ɗaya da zafi da kumburi, domin ƙwayar tana tayar da ciwon gawut. Dattijon da furostet ɗinsa, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya kumbura kuma, fitsari mai yawa a lokaci guda yana iya riƙe masa, mara ta cika ya kasa yi.

Tambaya: Da gaske ne allurar Lasix tana kurmantar da mutum? Daga wata ɗalibar koyon jinya a Sakkwato.

Amsa: Tana iya yi. A can cikin kunne akwai ɗan'uwan ɗan dakon nan, NKCC1, kuma idan maganin ya yi yawa a jini lokaci guda shi ma yana tsayawa. Abubuwa uku ke jawo shi: adadi mai yawa, tura allura da sauri, da haɗa ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta gentamicin ko danginsa, musamman ga mai raunin ƙoda. Kwalbar da aka fi samu miligiram 20 ce a mililita 2, kuma ba a wuce miligiram 4 a minti, wato kwalba ɗaya minti biyar. Yawanci jin yana dawowa, amma ba kullum ba. Majinyaci ya ce kunnensa na ƙara, ki tsaya ki kira likita.

Tambaya: Yayana yana da ciwon hanta, cikinsa ya cika da ruwa. Likita ya fi ba spironolactone muhimmanci, Lasix kaɗan ya ba shi, cikin kuma a hankali yake sauka. Me zai hana a ƙara masa Lasix a gama? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: A ciwon hanta aldosteron ne ke hawa sosai, shi ke sa bututun ƙarshe ya kwashe duk gishirin da furosemide ta saki. Spironolactone ke rufe wannan ƙofa, don haka ita ce gaba, ko da yake takan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin a ga aikinta. Haɗin da aka saba shi ne 100 nata da 40 na furosemide, a riƙa hawa tare, iyaka 400 da 160. Haɗin yana kuma daidaita fotasiyam, ɗaya na zubarwa ɗaya na riƙewa.

Gaggawa a nan haɗari ce. Ruwan ciki ya fi na ƙafa jinkirin komawa jijiya, shi ya sa ba a son ragin ya wuce rabin kilo a rana idan ƙafa ba ta kumbura ba, kilo ɗaya idan ta kumbura. Aka wuce haka, ƙoda tana iya tsayawa, ko gubar da hanta ta kasa tacewa ta hau kai: barci da rana, rikicewar magana, karkarwar hannu. Kun ga haka, asibiti nan take. Idan cikin ya yi tauri har yana hana numfashi, zuƙe ruwan da allura a asibiti ya fi ƙara ƙwaya.

Tambaya: Ina shan ƙwaya ɗaya kullum saboda zuciya, jikina kuma alhamdu lillahi ya daidaita. Yaya zan yi da ita da azumi, musamman in ya faɗo da zafi? Daga wata uwa a Maiduguri.

Amsa: Hajiya, a fara maganar da likitanki tun Sha'aban bai kama ba. Wanda aka kwantar a asibiti kwanan nan, ko mai haki da ɗan motsi, ko mai shan adadi mai yawa, ko mai raunin ƙoda, shawarar likita gare shi kada ya yi azumin, kuma sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya sananne ne. Wanda ya daidaita kamar ke, sau da yawa yana iyawa.

Shan ƙwayar da sahur shi ne kuskuren da aka fi yi. Ruwa zai fita daga asuba zuwa hantsi, sannan a shiga zafin rana babu halin mayarwa, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. An fi so a mayar da ita lokacin buɗa-baki, wani lokaci a rage adadin. Za ta takura miki a tarawihi, gaskiya ne, amma za ta gama aiki wajen tsakar dare. A ranakun da ba na azumi ba, da safe ake sha, in sau biyu ne ta biyun kada ta wuce ƙarfe biyu zuwa huɗu na yamma. Ranar tafiya mai nisa a mota ana iya jinkirta ta zuwa isowa.

Abin da zai riƙa gaya miki gaskiya shi ne sikeli. Ki hau kowace safiya bayan fitsari, da kaya iri ɗaya, a sikeli ɗaya, ki rubuta. Kilo ɗaya lita ɗaya ce ta ruwa, ledar fiya wata biyu ke nan. Jiki yana iya tara lita uku ko fiye kafin ƙafa ta nuna, sikeli kuwa tun ranar farko yake gani. Ƙarin fiye da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa, ki nemi likita ko da ba kya jin komai. Idan kuma nauyin ya faɗi ƙasa da wanda kika saba, ga jiri in kin miƙe, ga bushewar baki, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, to ƙwayar ta yi yawa. Ranar da jirin ya kai kamar za ki faɗi, ki karya azumin.

Gudawa da amai kuwa, da azumi ko babu, dalili ne na dakatar da ƙwayar na kwana ɗaya ko biyu har ki koma ci da sha. Ki sanar da asibiti a ranar, domin akwai yiwuwar su ce ki dakatar da spironolactone da lisinopril ko losartan tare da ita, su kuma faɗa miki ranar da za ki koma.